Ba A Gina Aure A Kan Cuta Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi na Gusau da Tsafe da Bungudu, abin da za mu tattauna yau shi ne halin matar da mijinta ya mayar da duka abincin yau da kullum. Dukkanmu mun san yadda abin yake gudana. Ta yi yaji da kumburarren ido, uba ya ce haƙuri maganin zaman duniya, miji ya aiko biko, a mayar da ita ba tare da an tambaye shi kome ba. Wannan al'ada ce da muka ɗora wa addini, kuma wajibi ne mu auna ta da Alƙur'ani da Sunna.

A aya ta 19 ta Suratun Nisa'i Allah Ya umarci maza su zauna da matansu da kyautatawa, a aya ta 231 ta Suratul Baƙara kuma Ya hana a riƙe su don a cuce su. Nana A'isha (R.A.) ta shaida cewa Manzon Allah (S.A.W.) bai taɓa dukan mace ko bawa ba. Lokacin da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawararsa game da masu neman aurenta, ya kawar da ita daga Abu Jahmi saboda an san shi da dukan mata. Habiba 'yar Sahlu kuwa, Abu Dawuda ya ruwaito cewa mijinta Sabitu ya doke ta ya ji mata ciwo, ta je ƙofar Annabi da asuba ta kai kuka, aka raba auren. Ba a ce da ita ta koma ta yi haƙuri ba.

A mazhabarmu ta Malikiyya, Muhtasar na Halilu ya bayyana cewa mace tana da ikon neman alƙali ya sake ta saboda cuta, ko da shaidu ba su tabbatar da cewa abin ya maimaitu ba. Risala kuma ta nuna cewa wadda ta fanshi kanta don guje wa cuta, abin da ta bayar zai dawo mata. Riƙon yara ma na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, muddin uwar ba ta sake aure ba. Saboda haka mai tsorata matarsa da ƙwace yara ko biyan sadaki, jahilcinta yake ci. An ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Abin kunya ne a ce mace a Zamfara ba ta san hanyar kotun da aka kafa don irin ta ba.

Ke 'yar'uwa da kike cikin wannan hali, kada ki ɓoye. Ki sanar da waliyyinki, da maƙwabciya guda da kika amince da ita. In rigima ta tashi, ki nisanci ɗakin girki inda wuƙa da taɓarya suke, ki kusanci ƙofa. Ki ajiye kuɗin mota da katin asibiti da takardun yara a hannun wata amintacciya. In ya ji miki ciwo, ki je babban asibitin Tsafe ko na Bungudu ko Asibitin Tarayya da ke Gusau, ki nemi likita ya rubuta abin da ya gani, don shaida ce a gaban alƙali. In har ya taɓa shaƙe ki, ko ya ɗauko makami, ko ya ambaci kisa, to, ranki ne a gaba, ki fita.

Lokacin fita shi ne mafi haɗari, don haka kada ki sanar da shi kuna ku biyu. Kada ki bi hanyar ƙauye da dare, mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa hanyoyinmu. Ki fake gidan liman ko mai unguwa har gari ya waye. Kada ki koma kwasar kayan ɗaki ke kaɗai. Idda ma, malamai sun halatta ki yi ta a wani wuri in kina tsoron ranki.

Mu kuma iyaye da limamai da maƙwabta, aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta sa mana hanya: mai sulhu guda daga danginsa, guda daga danginta. Kada a mayar da ita sai an zauna an ji ta bakinta, an kafa sharaɗi a gaban shaidu. In ya ƙi ji, a raka ta Hukumar Hisba ko kotu, in akwai rauni a kai ga 'yan sanda. Wanda ya ji kururuwa ta bayan katanga ya ja mayafi ya kwanta, ya shirya amsar da zai bayar ranar gobe.

Allah Ya shiryar da mu, Ya sa albarka a gidajenmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.