Takarda daga Paris, sa hannu a Dakar, hukunci a bariki



Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin duwan ko na masu karɓar lanho, ya nemi a nuna masa dokar da aka kama shi da ita, aka amsa masa da cewa umurni ne daga sama, to ya gamu da wata al'ada wadda ta girmi jamhuriyar Nijar. Wannan jawabi zai bi sawun al'adar har tushenta, watau yadda gwamnatin Faransa ta tsara hulɗar doka da mulki tsakaninta da ƙasashen da ta mallaka.

Ranar 3 ga watan Mayu 1854, zamanin sarki Napoleon na Uku, majalisar dattawan Faransa ta zartas cewa, ban da tsibiran Martinik, Gwadalup da Reyuniyon, sauran ƙasashen mallaka za a mulke su da dekere, watau takardar umurnin shugaban ƙasa wadda ba ta bi ta gaban wakilan jama'a. Sarautar Napoleon ta faɗi a 1870, amma wannan tsari ya tsaya daram har 1946. Saboda haka dokar da majalisar Paris ta amince da ita ba ta aiki a Damagaram ko Tawa sai an miƙo ta da gangan, sa'an nan gwamna janar ya shelanta ta da tasa takardar da ake kira arete. Misali, Faransa ta halatta ƙungiyoyin ƙwadago tun 1884, amma wannan ƴanci bai iso Afirka ta Yamma ba sai 1937, shi ma ga waɗanda suka iya karatu da rubutun Faransanci kawai.

Tsanin mulkin yana da matakai huɗu. A ƙololuwa akwai ministan ƙasashen mallaka a Paris. Ƙarƙashinsa gwamna janar na Afirka ta Yamma, muƙamin da aka kafa a 1895, wanda ya zauna Dakar daga 1902. Sai gwamnan Nijar, ƙasar da ta zauna hannun soja tun 1900, har dekere na 13 ga Oktoba 1922 ya mai da ita ƙasar mallaka ta farar hula ƙarƙashin Jules Brévié, wanda a zamaninsa aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. A ƙasan tsanin kuwa kumandan yake, cikin barikinsa. Babu ko ɗaya daga cikin mutanen nan huɗu da talakan Nijar ya zaɓa, babu kuma wanda talakan yake da ikon tuhuma.

A hannun kumandan ne tsarin ya fi ciwo. Dekere na 30 ga Satumba 1887 ya ba jami'in mulki ikon ɗaure baƙar fata har kwana 15 a gidan kaso, da cin sa tara har tamma 100, ba alƙali, ba lauya, ba ɗaukaka ƙara. Jinkirin biyan lanho, ƙin fita aikin tilas, ko abin da kumandan ya ɗauka raini ne, duk sun isa laifi. Shi ne mai ƙara, shi ne mai yanke hukunci, shi ne kuma mai riƙe da mabuɗin kaso. Wannan doka da Faransawa suka kira indigénat ba ta hau kan ƴan ƙasar Faransa ba, haka ma haifaffun garuruwa huɗu na Senegal: Saint-Louis, Gorée, Rufisque da Dakar. Fatake da manoman Nijar kuwa, a idon doka, bayin mulki ne, ba ƴan ƙasa ba.

Sarakuna ma ba su tsira ba. A 1906 aka tuɓe sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, aka kai shi Kodibuwa, sarautar ba ta koma gidanta ba sai 1923. A 1917 gwamna janar Van Vollenhoven ya rubuta wa gwamnoninsa cewa sarki ba shi da ikon kansa, kayan aikin kumandan ne kurum.

Ƙasa kanta da takarda ake yanka ta. A 1932 aka rushe Haute-Volta da dekere ɗaya, aka haɗa Dori da Fada Ngurma da Nijar. A 1947 aka sake ɗinke ta. Waɗannan takardu ba su mutu ba. Lokacin da Nijar da Burkina Faso suka kai rikicin iyakarsu kotun duniya ta birnin Hague, arete na gwamna janar na 31 ga Agusta 1927 da gyaransa na 5 ga Oktoba na wannan shekara su ne ginshiƙin hukuncin da aka yanke a 2013.

Bayan yaƙin duniya na biyu al'amura suka juya, domin ƴan Afirka sun shiga majalisar Paris. Dekere biyu, na Disamba 1945 da na Fabrairu 1946, suka soke hukuncin kumandan. Dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946 ta hana aikin tilas, dokar Lamine Guèye ta 7 ga Mayu ta ba kowa matsayin ɗan ƙasa. A wannan shekara aka zaɓi Diori Hamani depite. Dokar Defferre ta 1956 ta haifar da gwamnatin cikin gida, Djibo Bakary ya zama mataimakin shugabanta a 1957, amma kujerar shugaba tana hannun gwamna. Da Djibo ya kira jama'a su ce a'a a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, Paris ta aiko da sabon gwamna, Colombani, ana gab da zaɓe, aka kuwa sanar da rinjayen masu cewa i.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A Oktoba 1959, tun kafin ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960, gwamnatin ƴan ƙasa ta haramta jam'iyyar Sawaba da dekere. Daga baya, a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023, sojoji sun jingine tsarin mulki, suka koma tafiyar da ƙasa da takardun umurni. Kumandan ya tafi, amma ya bar alƙalaminsa.

Darasin ke nan ga masu sauraro. Doka tana sama da dekere, dekere yana sama da arete, arete kuma yana sama da maganar bakin kowane jami'i. Ɗan kasuwan da aka nemi kuɗi wurinsa yana da haƙƙin ya tambayi lambar takardar da ranar da aka sa mata hannu, ya kuma karɓi rasit. Ma'aikacin da aka ba umurni da baki, ya nemi a rubuta masa, domin ranar bincike sa hannunsa za a gani, ba muryar maigidansa ba. Mutanen 1946 sun yi gwagwarmaya don talaka ya iya tambayar mai mulki da wace doka. Wanda ya daina wannan tambaya ya mai da kansa inda kakanninsa suka fito.

Allah ya ba ƙasa shugabanni masu tsoron doka.