Jawabi Ga Iyaye: Kada Kunya Ta Hana Mu Yi Wa 'Ya'yanmu Bayanin Balaga

Iyayenmu, malamanmu, 'yan'uwa maza da mata mazauna Kasuwan Garba, mun gode da amsa kira.

Maganar yau tana da nauyi a baki, amma dole a yi ta. A garuruwanmu na asali, ko Sakkwato ko Katsina ko Zamfara, kaka ko gwaggo ce ke jan yarinya ɗaki ta yi mata bayani idan ta fara girma. Mu da neman abinci ya kawo mu ƙasar Kwantagora, da yawanmu mun baro su can. To, wa ya gaji aikin? Ƙawaye da wayar hannu!

Wani zai ce ai wannan karatun Nasara ne. A'a. Ahalari da Risala da muka karanta a zaure sun yi bayanin haila, janaba da wanka ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Ga abin da ya kamata yaranmu su ji daga bakinmu. Haila takan fara ne tsakanin shekara 10 zuwa 15, kuma ba ciwo ba ce. Mafarki ga yaro alamar balaga ce, a koya masa wanka. Yarinya na iya ɗaukar ciki daga saduwa ɗaya tak. Maniyyin uba ne ke ɗauke da abin da ke sa a haifi namiji ko mace, da ikon Allah, don haka a daina zargin matar da ke haihuwar 'ya'ya mata.

Fara haila ba ya nufin ƙugu ya ƙosa. Doguwar naƙuda ce ke jawo yoyon fitsari, ba maita ba, kuma ana gyara shi a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina. Ƙanjamau, wadda aka fara ba da rahotonta a Nijeriya a 1986, ba ta bin cizon sauro ko cin tuwo a kwano ɗaya. Akwai maganin da ke danne ta, don haka a yi gwaji kafin ɗaurin aure.

Sannan mu gaya wa yaro da yarinya: duk wanda ya taɓa su inda bai dace ba, ko ɗan'uwa ne, su faɗa mana, ba za a dake su ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uwa ta zauna da 'yarta, uba da ɗansa, tun cikin makon nan. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.