JAWABI A KAN CIWON SANƘARAU
Wanda malamin lakwal ya yi a taron Birnin Lalle

Dattawa, iyaye mata, 'yan'uwa talakawa, ku ba mu kunnenku.

Kowace shekara, in ƙurar hunturu ta taso har zafin bazara, sanƙarau yana shigo mana gida. A shekarar 1996 ya kashe mutum wajen 25,000 a ƙasashen Afirka. A 2010 aka kawo Nijar allurar MenAfriVac, wadda kuɗinta bai kai rabin dalar Amurka ba, ta karya irin da ake ce wa A. Amma a 2015 irin C ya ɓullo, ya kama fiye da mutum 8,000 a ƙasarmu. To, allura kaɗai ba ta isa ba. Cuta tana da abokai uku a cikinmu.

Na fari talauci. Mutum goma suna kwana ɗaki guda, numfashin wannan cikin na wancan. Yaro ya kwanta, uba yana lissafin kuɗin mota zuwa Dakoro, har kwana biyu su wuce. Sanƙarau kuwa yana kisa cikin yini ɗaya.

Na biyu nisa. Makiyayanmu, Fulani da Buzaye, suna bin ciyawa da rijiya. Ranar da masu allura suka zo, su suna daji.

Na uku rashin yarda. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin yara 200 na gwajin 11 suka rasu. A 2003 Kano ta tsai da allurar shan inna har 2004, cutar ta bazu ƙasashe maƙwabta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka tilas hukuma ta gaya wa talaka gaskiyar abin da ake sa wa ɗansa.

Ga abin da muka roƙe ku. Wanda ya ga zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, ya kai mara lafiya likita ran nan, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Kowace unguwa ta aje asusu da amalanke domin wannan. Ranar allura, mai gari da liman su fara kawo 'ya'yansu a idon jama'a, a kuma aika wa ardo tun da wuri.

Agana ta ƙare a duniya a 1980 domin mutane sun miƙa hannu. Mu ma mu miƙa namu.

Allah ya ba mu lafiya. Wassalam.