Jawabi Kan Zancen Mutum Da Biri



'Ya'yanmu na dawowa daga makarantar boko da zancen wai mutum dangin biri ne. Tun 1871 Darwin, Baturen Ingila, ya fitar da littafi kan haka. Masu binsa ba su ce biri ya haifi mutum ba, cewa suke mu da goggon biri kakanmu ɗaya. Mu kuwa Alƙur'ani ya sanar da mu Allah Ya halicci Annabi Adamu daga yumɓu.

To jama'a, kada mu cire yaro daga makaranta saboda wannan, kada mu doke shi. Ya san maganarsu don jarrabawa, da yamma kuma mu tura shi Islamiyya ya san tauhidinsa.

Wassalam.