Yadda Dakarun Tsaron Jiki Ke Tashi Idan Cuta Ta Shigo

A cikin jinin kowane ɗan Adam akwai fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu shi ne tsare jiki daga cuta. Daga cikinsu akwai wani jinsi da masana ke kira ƙwayoyin T, domin a cikin tayimos suke ƙosawa, watau wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji.

Kowace ƙwayar T tana da na'urar gane baƙo a bisa fatarta. Idan wata ƙwayar jiki ta nuna mata ɓurɓushin ƙwayar cuta, sai na'urar ta kama shi. To, amma wannan na'ura kamar mai gadin ƙofar gari take wanda ya hangi mahara alhali ba shi da ganga. Tilas ne ta kira waɗansu sinadarai masu gaggauta aiki, da ake ce wa inzayim, su kai labari cikin ƙwayar.

Ga yadda kiran yake. A gindin na'urar, daga ciki, akwai gurabe 10 masu suna ITAM, waɗanda Michael Reth ya bayyana siffarsu a 1989. Da zarar an kama baƙo, sai inzayim na farko, mai suna Lck, ya matso ya manna alamar fosfet guda 2 a kan gurbin. Waɗannan alamu su ke jawo inzayim na biyu, watau ZAP-70, wanda Arthur Weiss da abokan aikinsa na San Francisco ta Amurka suka bayyana a 1992. Shi ZAP-70 hannu biyu gare shi, kuma ba ya riƙe gurbin da kyau sai duk hannuwan sun sami alama. Wannan sharaɗi yana cikin abubuwan da ke hana dakarun tashi a banza su auka wa jikin mai su.

Bayan ya zauna daram, sai Lck ya zaburar da shi, shi kuma ya manna alamu a kan wani furotin mai suna LAT. Daga nan kalsiyam ya ƙaru cikin ƙwayar, ta shiga hayayyafa, har ƙwaya ɗaya ta zama runduna. Da wannan hanya allurar rigakafi ke amfani wajen koya wa jiki gane ƙyanda tun ba ta zo ba.

A 1994 likitoci suka gano yaran da aka haifa ba su da ZAP-70. Na'urarsu tana ganin baƙo, amma labari ba ya isa ciki, sai ciwon huhu da zawo da farar kumfar baki su yi ta addabarsu tun suna jarirai. Ciwo ne na gado, ba kasafai ake samunsa ba, kuma dashen ɓargo yana warkar da shi.

Saboda haka ana kira ga iyaye su kai 'ya'yansu rigakafi a kan kari. Jaririn da cuta ke yawan komo masa, ga rama, ga rashin girma, a gaggauta kai shi asibiti, a kuma faɗa wa likita idan an taɓa rasa yaro a gidan ta irin wannan hali. Allah ya ba mu lafiya, amin.