Jawabi ga iyalai kan kiwon lafiya: me ke kyauta, me ake biya



Tun 2019 da iyalai suka fara tsallakowa daga Zamfara, Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi, tambayar da ta fi yawa a bakinku ita ce: idan yaro ya kwanta, ina za a kai shi, kuma nawa za a biya? Yau wannan muka zo mu warware.

Da farko ku sani, ba a ware wa ɗan gudun hijira asibiti nasa daban. Ko kuna Garin Kaka, ko Ɗan Daji Makau, ko Cadakori, asibitin gwamnati da mutanen gari ke zuwa shi ne naku. A nan Nijar za ku ji ana ce masa likita ko CSI. Yarjejeniyar duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira, wadda Nijar ta amince da ita, ta ce a fannin taimakon jama'a a ɗauke ku kamar 'yan ƙasa.

Asibitin nan hawa-hawa ne. Ana farawa daga ƙaramin ɗakin magani na ƙauye, sai CSI, sai asibitin gunduma kamar na Gidan Rumji, sannan manyan asibitocin Maraɗi. Wanda ya tsallake ya tafi birni ba da takardar turawa ba, sau da yawa kuɗin mota yake asara. Sai dai in abin gaggawa ne, nan kam ba a jira.

To, me ke kyauta? Tun 2005 gwamnati ta ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa. A 2006 ta ƙara da duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da maganinsu, awon ciki, da tazarar haihuwa. Daga 1 ga Satumba 2024 kuma aka rage rabin kuɗin duba marasa lafiya da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati, haihuwa ta zama kyauta. Rigakafin yara ma ba a biya. Babba mai ciwo na yau da kullum shi ne ke biyan ɗan abin da aka yanka, domin da wannan kuɗin asibiti ke sake sayo magani.

Mun san wasunku za su ce: "An ce kyauta, amma mun je an rubuto mana takarda mu sayo a waje." Gaskiyarku. Ga yadda abin yake. Idan malamin asibiti ya duba yaro bai karɓi ko dala ba, lissafi yake rubutawa ya aika, daga baya gwamnati ta biya. In biyan ya yi jinkiri, sai ma'ajin magani ya bushe. Ga shi kuma a 2025 manyan ƙasashe masu ba da taimako, Amurka a kan gaba, sun rage abin da suke bayarwa, ragin ya taɓa hukumar HCR da ƙungiyoyin da ke tallafa wa asibitoci. Ba za mu ɓoye muku ba, wasu abubuwan da kuka saba samu cikin sauƙi za su iya yin wuya. Amma ƙarancin magani bai soke haƙƙinku ba.

Saboda haka muna roƙonku abu huɗu.

Na ɗaya, kada tsoron kuɗi ya sa ku riƙe yaro a gida. Zazzaɓi mai zafi, jijjiga, amai ba tsayawa, ƙin shan nono: a kai shi ranar, ko da dare ne. Mai ciki da ta ga jini, ko kumburi da ciwon kai mai tsanani, ko naƙuda ta yini ba haihuwa, ita ma haka. Maigida, ka ba da izini tun yanzu, ko da ba ka nan a tafi.

Na biyu, ku riƙa zuwa da takardarku ta gudun hijira, da katin awo da na rigakafi. Ku adana su cikin leda saboda ruwa da gara.

Na uku, duk abin da kuka biya, ku nemi rasidi. In an nemi kuɗi a kan abin da yake kyauta, kada a yi rigima a bakin asibiti. Ku sanar da wakilanku na kwamitin lafiya ko ma'aikatanmu. Ba za a tona sunan kowa ba, kuma ba a hana mutum magani don ya yi ƙorafi.

Na huɗu, mu tare ciwo tun bai shigo ba. A kwana cikin gidan sauro. Da damina, idan masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro suka zo, yara daga wata 3 zuwa shekara 5 su sha na kwana uku cif, kowane wata.

Mutanen garuruwan nan sun raba rijiya da gona da ku, yanzu ga layin asibiti ma tare kuke bi. A yi haƙuri da juna, a girmama malaman asibiti, domin aiki ya yi musu yawa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya, ya kawo zaman lafiya a garuruwan da kuka baro. Mai tambaya ya ɗaga hannu, iyaye mata su fara.