Kura da Shan Bugu: Matasan Indonesiya a Kasuwar Wayar Hannu

 

An nemi in yi magana a kan rayuwar matasan Indonesiya a zamanin intanet. Mutanen ƙasar ba baƙinmu ba ne. Muna haɗuwa da su a Makka da Madina, kuma taliyar Indomie da yaranmu ke ci asalinta can take. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum miliyan 270 ne warwatse a tsibirai fiye da 17,000, sama da rabinsu kuma an haife su ne tsakanin 1981 da 2012. Abin da nake so mu duba shi ne: waya ta buɗe wa ɗan talaka ƙofar kasuwa da ta suna, amma makullin yana hannun wasu.

Mu fara da acaɓa, wanda suke kira ojek. A 2010 Nadiem Makarim ya kafa kamfanin Gojek da 'yan acaɓa 20 da ɗakin amsa kira. Da manhajar ta fito a 2015, sai titunan Jakarta suka cika da korayen riguna. Yaro yana zaune a ɗakin haya zai kira babur, ya sa a kawo masa abinci, ya aika saƙo, duk daga waya. Babban bankin ƙasar ya ƙara sauƙaƙa lamarin a 2019 da tsarin biyan kuɗi na QRIS, har mai tuya a bakin titi yana da tambarin da za ka haska da wayarka ka biya. Matasa da yawa sun samu abin yi. To amma kamfani ke yanka farashi, manhaja ke raba fasinja, mai babur kuwa shi ke sayen mai ya sha rana. Shi ya sa a watan Mayun 2025 masu baburan suka kashe manhajojinsu suka fito zanga-zanga, suna neman a rage kason kamfani zuwa kashi 10 cikin 100.

Misali na biyu ya fi ba ni sha'awa. A tsakiyar 2022, samari da 'yan mata daga garuruwan gefen Jakarta, irin su Citayam da Bojonggede da Depok, suka riƙa hawa jirgin ƙasa mai araha suna sauka a Dukuh Atas, tsakiyar unguwar bankuna da dogayen benaye. Ba su da kuɗin shiga gidajen shan gahawa na masu hali. Sai suka mai da wurin tsallaka titi dandalin nuna ado: wannan ya ci faffaɗan wando na gwanjo, waccan ta ƙwama baƙin tabarau, a jira motoci su tsaya, a yi taku ɗaiɗai a kan farin zanen titi, abokai na ɗauka da waya suna ɗorawa a TikTok. Aka sa wa abin suna Citayam Fashion Week. Kafin ka ce kwabo, gwamnan Jakarta na wancan lokaci Anies Baswedan da na Jawa ta Yamma Ridwan Kamil sun zo sun taka, taurari da kamfanoni sun yi dafifi. Har kamfanin ɗan fim Baim Wong ya nemi yi wa sunan rajista ya zama nasa, sai da jama'a suka yi masa ca sannan ya janye. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Cikin 'yan makonni hukuma ta hana tare titin saboda cunkoso, yaran suka watse.

Na uku shi ne talla kai tsaye. Dubban matasa sun mai da ɗakunansu shaguna: fitila, waya a kan sanda, yarinya tana ɗaga hijabi ɗaya bayan ɗaya har tsakar dare, masu kallo na saye nan take. 'Yan kasuwar Tanah Abang, babbar kasuwar tufafi ta Jakarta, suka koka cewa ciniki ya mutu. A Satumban 2023 gwamnati ta hana cinikayya a cikin shafukan sada zumunta, aka rufe TikTok Shop ranar 4 ga Oktoba. Zuwa Disamba TikTok ya yi alkawarin zuba dala biliyan 1.5, ya karɓi kashi 75 cikin 100 na kamfanin cinikin intanet Tokopedia, shago ya sake buɗewa. Manya sun shirya tsakaninsu. Masu tallan da suka yi wata biyu babu ciniki, ba wanda ya nemi shawararsu. Ga kuma bashin manhaja da cacar intanet, pinjol da judol a bakinsu, waɗanda ke bin matashi har cikin aljihu.

Saboda haka, ɗalibai, idan kuka zo nazarin matasa da waya, a can ko a nan, kada ku tsaya a kan ko waya ta ɓata tarbiyya. Ku tambaya: wa ke yanka farashi, wa ke riƙe da bayanan masu ciniki, wa ke da ikon rufe shago dare ɗaya? Matasan Indonesiya sun fara yin waɗannan tambayoyi da babbar murya, kuma da wayar nan tasu suke kiran juna su fito titi.